Jiki yana nan, hankali yana can: ta ina ake fara koyon natsuwa?

Tauraruwa:
Assalamu alaikum. Masana, a taimaka da bayani. Mutum yana cin abinci yana latsa waya, yana salla yana lissafin kuɗin haya, ya kwanta kuma maganar da aka faɗa masa bara ta dawo sabuwa. Yaya ake horar da hankali ya zauna kan abin da ke gabansa? Minti nawa, sau nawa? Kuma da gaske ne hakan yana taimaka wa mutum ya gano aikin da ransa ke so?

Malamin Halayya:
Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Yawon tunani ba ciwo ba ne, haka ƙwaƙwalwa take. A 2010, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard sun bibiyi mutum 2,250 ta manhajar waya, suna tambayarsu lokaci-lokaci abin da suke yi da abin da suke tunani. Kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan, hankalinsu ba ya kan aikin da ke hannunsu, kuma a irin lokutan ne suka fi nuna ƙarancin farin ciki.

Ga yadda za ki fara. Ki zauna kan tabarma ko kujera, baya a miƙe amma ba a sandare ba. Ki saita ƙararrawa ta minti 5, ki kifa wayar inda hannu ba zai kai ba. Ki zaɓi wuri ɗaya da za ki riƙa jin numfashi: bakin hanci, inda iska ke shiga da ɗan sanyi ta fito da ɗumi, ko ciki yadda yake tasowa yana lafawa. Duk fitar numfashi ki ƙirga, daga 1 zuwa 10, sannan ki koma 1. Ba za ki kai 4 ba za ki tsinci kanki a kasuwa kina cinikin tumatir. Da kin farga, ki koma 1, ba tsaki, ba zargin kai. Wannan dawowar ita ce horon. Wanda ya dawo sau ashirin cikin minti 5 bai gaza ba, atisaye ashirin ya yi.

Makon farko minti 5 kullum, na biyu 10, daga nan a tsaya tsakanin 15 da 20. Tsarin horon natsuwa da masani Jon Kabat-Zinn ya soma a jihar Massachusetts ta Amurka a 1979 mako 8 ne, da kusan minti 45 a rana, amma da malami ake yin sa. Wanda ya ɗauko 45 shi kaɗai a ranar farko da wuya ya cika mako.

Inda aka fi kuskure shi ne jan numfashi da ƙarfi, a zaton shi ne natsuwa. Yin haka yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, sai jiri da tsamin yatsu su biyo baya. Ki bar numfashin ya tafi yadda ya saba. Kada kuma ki yi a kwance, barci ne zai ɗauke ki. Ƙoƙarin korar tunani da ƙarfi ma ƙara masa kuzari yake yi.

Almajirin Zaure:
Malam ya yi bayani mai kyau. Tunda kin ambaci salla, ki sani kina da filin horo sau biyar a rana. A Ahalari an lissafa ɗuma'nina cikin farillan salla, wato gaɓɓai su natsu a ruku'u da sujada kafin a ɗago. Imam Ghazali kuma a Ihya ya sa halartar zuciya a farkon abubuwa shida da ke raya salla, ya ba da magani a aikace: a runtse gani, a matsa kusa da bango don ido ya rasa inda zai yi yawo, a guji shimfiɗa mai zane-zane. Ki ƙara da koyon ma'anar Fatiha aya-aya, domin harshe yana iya karanta abin da ya haddace alhali zuciya tana wani gari. Tasbihin bayan salla, 33 sau uku, ki ƙirga da gaɓoɓin yatsu a hankali, ki ji babban yatsa yana taɓa kowace gaɓa.

Uwar Ɗakin Ɗinki:
Tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi damuna, don nan ne matasa ke ɓata shekaru. Ƙanwata, son aiki ba a tsintar sa a hanya, ginuwa yake yi. Binciken Paul O'Keefe da Carol Dweck da Gregory Walton na 2018 ya nuna cewa masu ɗaukar sha'awa a matsayin abin da ake tararwa a shirye sun fi saurin sanyin gwiwa da zarar abin ya fara wuya.

Ki zaɓi abu ɗaya tak, ɗinki ne, ko girki, ko lissafi, ko kiwon kaji. Ki ba shi minti 25 kullum har kwana 30, waya tana wani ɗaki. Ki tanadi ƙaramin littafi, bayan kowane zama ki rubuta layi uku: me na yi, a ina lokaci ya wuce ban sani ba, a ina na ƙosa. Layi na biyun nan shi ne ma'aunin. Mai koyon ɗinki za ta iya gano cewa taka keke yana gundurar ta, amma in ta shimfiɗa atamfa tana daidaita zanen fure kafin ta sa almakashi, sai kiran la'asar ya riske ta ba ta ankara ba. To wannan yanka da tsara fasali ne nata, can ya kamata ta zurfafa.

A kula da nauyin aikin. In ya yi sauƙi ainun hankali zai gudu don gundura, in ya fi ƙarfinki zai gudu don fargaba. Wadda ta iya ɗinka layi a miƙe, aljihu ko zif ne matakinta na gaba, ba rigar amarya ba. Kuma kada ki yanke hukunci a mako na biyu, lokacin ne ɗokin farko ya wuce, gwaninta kuma ba ta iso ba.

Ma'aikacin Jinya:
Ƙarin bayani kaɗan. Rashin barci yana rushe duk wannan. Babba yana buƙatar awa 7 zuwa sama, kuma sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi yakan ɗauki kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka a tsaya da su daga la'asar.

Wanda ya taɓa shiga tashin hankali mai tsanani, rufe ido da zaman shiru na iya taso masa da abin. Ya bar idonsa a buɗe, ya kalli ƙasa taku biyu a gabansa, ko ya yi horon yana tafiya yana jin tafin ƙafarsa. Idan kuma baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya wuce mako biyu, tare da canjin barci ko na cin abinci, a je asibiti a ga likita tukuna.