Wuta Ɗaya, Lantarki da Tururi: Shawarwari ga Masana'antun Takarda

Maganar da ta fi fitowa a wata tattaunawa kan amfani da makamashi a masana'antun takarda ita ce kada masana'antar takarda ta ƙona makamashi don tururi kaɗai. A bi da tururin ta cikin injin turbin, wato injin da tururi ke juya farfelarsa, ya ba da lantarki tukuna, sannan ragowar zafinsa ya tafi dafa itace da busar da takarda.

An daɗe a kan baƙin ruwan da ke saura bayan an dafa gutsattsarin itace da sinadarai. Yana fitowa tsararo, daskararren abin da ke cikinsa kusan kashi 15 cikin ɗari ne kawai. Shawarar ita ce a ƙafe shi ya yi kauri har kashi 70 zuwa 80 kafin a fesa shi cikin tukunyar da ake ƙona shi don samar da tururi, domin ruwan da ya rage cinye zafi kawai yake yi. A nan ne kuma ake dawo da sinadaran girkin. Masana'antar Metsä Fibre da ke Äänekoski a Finland, wadda aka buɗe a 2017, tana samar da lantarki fiye da ninki biyu na buƙatarta, ta sayar da rarar.

Sai batun matse ruwa daga jiƙaƙƙiyar takarda kafin a busar da ita. Ƙarin kashi 1 na bushewa a wurin matse takarda yana rage kusan kashi 4 na tururin busarwa. A ganina nan ya kamata mai ƙaramin jari ya fara, ya haɗa da toshe bututun da ke yoyo.

Masu sake sarrafa tsohuwar takarda ba su da baƙin ruwa, don haka aka ba su shawarar turbin mai aiki da iskar gas, wanda ke ba da lantarki, zafin hayaƙinsa kuma ya samar da tururi, muddin suna buƙatar tururi dare da rana.