Firji yana jan mutum amma bireka bata faɗuwa, ina matsalar take?

Ɗalibar_Kimiyya:

Assalamu alaikum. Dan Allah masana harkar wuta ina da tambaya guda biyu amma ina ga kamar a haɗe suke. Firjin gidanmu in mutum ya taɓa jikinsa ba takalmi, musamman in hannu da lema, sai kaji wani zirrr a yatsu, ba sosai bane amma dai yana ja. Abin mamaki bireka ko sau ɗaya bata taɓa faɗuwa akan wannan ba, amma da an jona dutsen guga da hitar ruwa lokaci ɗaya sai ta ɗan jima ta faɗi, har yayana yana cewa a cire ta a sa babba kowa ya huta. Na biyu kuma a makaranta muna kan darasin yanda lantarki yake haifar da maganaɗisu, malam yace ai da wannan ne ma bireka take aiki. To in haka ne meyasa bata gane wuta tana jan mutum ba? Ko tamu ce ta lalace?

MaiWayarin:

Wa alaikumussalam. Ƙanwata kafin komai ki kashe soket ki zare filogin firjin nan, kar a sake jona shi sai mai gyara ya duba. Jikin firji bai kamata ya ja mutum ba ko kaɗan. Ko dai wayar at ɗin gidan, wato wadda ke haɗa jikin kayan wuta da ƙasa, ta katse ko tun asali ba'a sa ta ba, ko kuma wani ya karya dogon haƙorin filogi dan ya shiga soket mai rami biyu, wanda muna yawan gani wlh. In at na aiki duk wutar da ta yi yoyo zuwa jikin ƙarfe ƙasa zata bi ta wuce, in babu kuma sai ta jira wanda zai taɓa.

Batun sa babbar bireka kuma ki cewa yayanki dan Allah ya bari. Yi lissafi da kanki, hita mai wat 3000 da dutsen guga mai wat 2000 sun zama 5000, ki raba da bolt 230 zaki samu kusan amfiya 22, wato yawan lantarkin da ke bin wayar, in birekar layin mai amfiya 16 ce ai gaskiyarta ne ta faɗi. Waya mai kaurin 2.5 da aka fi ja wa soket abinda take iya ɗauka amfiya 20 ne da ɗan wani abu, shima ya danganta da yanda aka binne ta. Ka ɗora mata bireka mai 40 sai waya ta yi ta zafi cikin bango roba na narkewa ita kuma bireka na zaune lafiya lau, daga nan sai gobara. A raba lodi kawai, ko a ja wa hita nata layin daban da waya mai kauri.

Malam_Fiziks:

MaiWayarin ya gama da ɓangaren aiki, bari in ɗauki na darasi tunda tambayarki ta biyu ita ce ma tafi burge ni. Birekarku lafiyarta ƙalau, malaminku kuma gaskiya ya faɗa, kawai dai bai ƙarasa ba.

Asalin maganar daga shekarar 1820 take, wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Hans Christian Oersted ya lura in lantarki yana bin waya allurar kamfas da ke kusa da ita sai ta karkace, in aka juya batir sai ta karkata ɗaya ɓangaren, in aka cire sai ta koma arewarta. Ma'ana duk wayar da lantarki ke gudu cikinta akwai maganaɗisu da ya zagaye ta. In kina so ki san ta ina yake zagayawa ki ƙaddara kin riƙe wayar da hannun dama babban yatsa na nuna inda lantarki ya dosa, inda sauran yatsun suka lanƙwasa can yake bi, a zuci fa nace ki ƙaddara, kar kije ki damƙi waya. A waya miƙaƙƙiya ƙarfinsa kaɗan ne, amma in aka naɗe ta zagaye da yawa aka zura ƙarfe a tsakiya sai ya zama maganaɗisu sosai, kuma ƙarfin nasa yana bin yawan naɗin da yawan lantarkin da ke wucewa. Wannan jimlar ta ƙarshe ki riƙe ta, amsarki na cikinta.

Cikin ƙaramar birekar nan da ake kira MCB ma'aikata biyu ne. Na farko wani siririn falle ne na ƙarfe iri biyu da aka manna, in lodi ya yi yawa sai ya yi zafi a hankali ya lanƙwashe ya saki makunni, shi yasa kika ce sai ta ɗan jima take faɗuwa in an haɗa guga da hita, wannan aikin zafi ne ba na maganaɗisu ba. Na biyu shine ɗan koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, mai sandar ƙarfe a ciki, shi kuma jira yake layif da nutural, wato waya mai kawo wuta da mai mayar da ita, su haɗe kai tsaye, lokacin lantarki yana iya kai ɗaruruwan amfiya, sai koyil ɗin ya fizgi sandar ta bugi makunni kafin ƙiftawar ido. Amma sai lantarki ya ninka abinda aka rubuta a jikin bireka, mai harafin B sau 3 zuwa 5, mai harafin C sau 5 zuwa 10. Kenan B16 sai ta ga amfiya 48 zuwa 80 kafin maganaɗisun nata ya motsa.

To yanzu ki auna da jikin ɗan Adam. Kusan miliamfiya 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya, mutum zai fara jin wannan zirrr ɗin. Wajen 10 tsokar hannu tana iya ƙanƙamewa mutum ya kasa sakin abinda ya riƙe, daga 30 zuwa sama kuma in ya ɗan daɗe numfashi da bugun zuciya sun shiga haɗari. Jiƙaƙƙen jiki turjiyarsa, wato yanda yake tare lantarki, tana iya sauka wajen om 1000, a bolt 230 kenan miliamfiya 230 zasu ratsa shi, wanda ya isa kisa, amma a wajen bireka mai 16 ko rubu'in amfiya bai cika ba, gani zatayi kamar an kunna fanka. Ita bireka an sa ta ne ta tsare waya kar ta ƙone, haka ma fiyus.

Wanda aka ƙera dan kare mutum wani makunnin kariya ne da ake kira RCD, wasu suce RCCB, a Amurka kuma GFCI suke cewa. Shima maganaɗisu ne amma da dabara daban. Akwai zoben ƙarfe a cikinsa, layif da nutural duka suna ratsawa ta nan. Lantarkin da ya tafi ta layif shine dai yake dawowa ta nutural, kuma tunda sun saɓa hanya maganaɗisunsu sai ya kashe juna ya zama sifili. Da zarar wani ɓangare ya ɓalle ta jikin firji ko ta ƙafar mutum zuwa ƙasa, abinda ya dawo bai kai wanda ya tafi ba, sai ragowar maganaɗisu ya bayyana a zoben, shi kuma ya haifar da ɗan lantarki a wani koyil na uku da ke naɗe a jiki, wannan ne zai saki makunni. Wannan haifar da lantarki daga maganaɗisu mai sauyawa Michael Faraday ne ya gano shi a Ingila a 1831, kuma shima da zoben ƙarfe mai naɗin waya biyu ya yi gwajin. Na gidaje yawanci miliamfiya 30 ake saita shi, na Amurka wajen 5.

Dan_Birni:

kai malam mun sha karatu yau. amma ni a ganina in dai mutum zai sa silifas na roba ai shikenan ba sai an kashe kudi ba. sannan tunda ana maganar maganadisu, shine dalilin da yasa akace kar a bar wayar ekstenshan a nade ko? naji ance in ta nadu koyil take zama shi yasa take zafi har ta narke

Injiniya_H:

@Dan_Birni silifas ba kariya bace, ya jiƙe ko ya tsage ko ka dafa bango ko famfo da ɗaya hannun magana ta ƙare, ga kuma yara da basa tsayawa neman takalmi.

Maganar ekstenshan shawarar daidai ce amma dalilin da ake bayarwa ba haka yake ba, kuma bayanin Malam ma ya riga ya warware shi. Cikin robar nan layif da nutural suna kwance gefe da gefe, ɗaya na kaiwa ɗaya na dawowa, maganaɗisunsu kusan gaba ɗaya ya soke juna ko ka naɗe ta sau nawa. Duk mai mitar nan mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙalawa a waya ya san haka, in ka kama wayoyin biyu tare sifili zata nuna maka ko da hita na ci, sai ka ware guda ɗaya zaka ga amfiya. Abinda ke narkar da ita zafi ne kawai, kowace waya tana ɗan ɗumi in lantarki na binta, in a warware take iska na kwashewa, in a naɗe take kuwa zagayen ciki basu da inda zasu kai zafin sai ya taru. Shi yasa irin mai gangar nan ake rubuta mata lodi biyu a jiki, na naɗe da na warware, kuma na naɗen ya yi ƙasa sosai. Cajar waya ko fitila ba matsala, amma hita da dutsen guga gsky ni ko a warware bana son ganinsu a ekstenshan, mai amfiya 13 iyakarta wajen wat 3000 ne duka ramukan a haɗe ba kowane rami ba.

Ɗalibar_Kimiyya:

Nagode sosai Allah ya saka da alheri, wlh yanzu na gane bambancin. An zare firjin. To Malam in aka sa RCD ɗin ba sai an damu da at ba kenan tunda shi zai yanke wuta?

MaiWayarin:

A'a ƙanwata, tare suke aiki. In akwai at mai kyau, da wuta ta taɓa jikin firji zata gangara ƙasa RCD ya gani ya yanke tun kafin kowa ya zo kusa. In babu at kuwa jikin firjin zai zauna da wuta shiru babu abinda ke gudu balle a ga bambanci, sai wani ya taɓa sannan jikinsa ya zama hanyar, eh zai yanke da sauri amma an riga an sha shokin ɗin, ga tsoho ga jariri ga mai ciwon zuciya, wa zai so a gwada da shi. Sannan akwai inda RCD baya gani sam, in mutum ya riƙe layif da hannu ɗaya nutural da ɗaya kuma baya taɓa ƙasa, abinda ya shiga shine ya fita, lissafi ya daidaita, shi a wajensa kamar an jona kwan fitila ne. Kuma yoyon da bai kai wajen rabin abinda aka saita shi ba bazai faɗar da shi ba, to wannan ɗan zirrr ɗin naku ma zai iya cigaba in ba'a gyara at ba.

In mai gyara ya zo ki sa ido ya duba abu uku, ya auna at tun daga soket har sandar da aka kafa a ƙasa da mita ba da tasta mai ɗan haske kawai ba, ya auna firjin kansa ko robar wayar kwamfuresa ta fara ci, sannan ya tabbatar makunni da fiyus akan layif suke, dan in aka juya su kan nutural zaki kashe abu ya mutu amma wuta na nan cikinsa. Launi ma kar a dogara da shi ido rufe, a tsarin yanzu ruwan ƙasa ne layif, shuɗi nutural, kore da ruwan ɗorawa at, a tsohon tsari ja ne layif baƙi nutural, a Amurka kuma baƙin shine mai wutar fari ne nutural, kinga wanda ya saba da wani tsarin zai iya kama baƙar waya yana ganin lafiya ce.

RCD ɗin in an sa akwai ɗan maɓalli a jikinsa mai harafin T, a riƙa danna shi duk bayan 'yan watanni, in ya faɗi nan take yana aiki, in bai faɗi ba a canza shi dan makunnin ciki yakan cije in ya daɗe bai motsa ba. Kuma Allah ya kiyaye in wuta ta kama wani kar a taɓa shi da hannu, a kashe babban makunni tukunna, in ba'a kai gare shi ba a ture shi da busasshen katako, sannan a kai shi asibiti ko da ya miƙe yace lafiyarsa lau, dan bugun zuciya yana iya rikicewa daga baya.