Sakkwato zuwa Abuja ta sama: abin da matafiya suka ce

Da muka zanta da masu yawan bin wannan hanya, bakinsu ya zo ɗaya: daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa na Nnamdi Azikiwe kusan kilomita 490 ne a sama, jirgi kan ci su cikin kamar awa ɗaya. Sai dai wani dattijo ya ce kada awa ɗayar ta ruɗe ka. Ka ƙara lokacin tantance kaya da zaman jira, ga kuma kusan kilomita 40 daga filin Abuja zuwa cikin gari. Rabin yini ke nan, a ganina.

An fi nanata maganar hunturu: daga Disamba zuwa Janairu hazo kan jinkirta tashi, har ya soke shi. Don haka mai taron safe a Abuja gara ya tafi tun ana gobe taron.