Tutar makoki: wace kalma za mu faɗa a rediyo?

Mai Fassara: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina da shirin da za a naɗa bayan La'asar kan ƙa'idojin tutar ƙasa, kalmar half-mast kuma, wato tsayar da tuta ƙasa da ƙololuwar ƙarfenta don makoki, ta tsaya mini a wuya. Da Buhari ya rasu a Yulin 2025 Shugaba Tinubu ya ce a yi haka kwana bakwai, kowane gidan rediyo da irin tasa: wani "rabin sanda", wani "ƙasa-ƙasa", wani "sauke tuta". Ina son wadda tsohuwa a Mai'aduwa za ta ji ta gane. A agaza.

Ɗan Ƙofar Soro: Sauke tuta mana, Yaya. Meye na wahala?

Tsohon Soja: A'a ɗana. Sauke tuta ita ce ta yamma, a kwance a ninke a ajiye. Ita aka yi wa tutar Ingila a Legas da aka ba mu 'yanci a 1960. Ka ce an sauke tutar Najeriya a labaran safe, wani zai zaci sojoji sun dawo. Ta makoki ga yadda ake yi: a ja ta har ƙololuwa tukuna, a ɗan dakata, sannan a riƙa sakin igiya a hankali har ta zauna inda ake so, a ɗaure. Da yamma a sake kai ta sama kafin a sauke. Wanda ya ja ta daga ƙasa ya tsaya a tsakiya bai yi komai ba, kasala ce kawai.

Malamar Firamare: To a bar "rabin sanda", yarana sun saba da ita.

Tsohon Soja: Rabin ma ba ko'ina ba ne, Malama. A Ingila wajen kashi biyu cikin uku na tsawon ƙarfen take tsayawa.

Baban Kusugu: Allah ya raba mu da rabin sanda. Turanci ne aka sa wa hula. Sanda ta makiyayi ce da ta dogari, wa ya taɓa ɗaura tutar ƙasa a sanda? Ni tuni na yanke: TAKABAR TUTA. Tuta ta shiga takaba, tuta ta fita takaba. Ga shiga ga fita, ga baƙin ciki a ciki. Ku kawo wadda ta fi ta.

Malamin Islamiyya: Baba, takaba hukuncin shari'a ce, wata huɗu da kwana goma, a kan matar mamaci. Tuta matar wa ce? Kuma idan jirgi ya faɗi ko ambaliya ta ci mutane aka yi umarnin, mijin wa ya mutu? Kada mu ɗauki kalmar fiƙihu mu kai ta sakatariya.

Baban Kusugu: Allah ya gafarta Malam, aron magana ake cewa. Da aka ce gari ya waye, ido gare shi?

Malamar Firamare: Baba, kai ma ka san "takaba" dariya za ta ba mutane ranar da ba ta dariya ba.

Baban Kusugu: Da daga Kano ta fito da kun tafa. Komai sai an auna shi da Kananci, alhali Daura ce tushen Hausa. Tuta kuwa ba baƙuwarmu ba ce, Shehu Ɗanfodiyo ya ba Malam Ummarun Dallaje ta Katsina, ya ba Malam Isiyaku ta Daura. Ba Bature ne zai koya mana sunan abin da ake yi mata ba.

Ɗan Ƙofar Soro: To Baba ai wannan al'adar daga jiragen ruwan Turawa ta fito, ba daga Sakkwato ba.

Baban Kusugu: Yaro, da manya nake magana.

Malamin Islamiyya: Mai Fassara, wannan ya kamata ya shiga shirinka: Saudiyya ba ta yi wa tutarta haka ko da sarki ne ya rasu, saboda kalmar shahada da ke jiki.

Mai Fassara: Na rubuta, Malam, na gode. Ina da na 'Yar'aduwa, kwana bakwai a Mayun 2010, ina da na Amurka inda idan shugaba ko tsohon shugaba ya rasu kwana 30 ne, kamar yadda aka yi wa Jimmy Carter. Na kuma sa cewa umarni ne daga shugaban ƙasa, ko gwamna a jiharsa, ba kowane shugaban ma'aikata ne zai yi don surukinsa ya rasu ba. Kalmar ce dai har yanzu babu, ga shi an kusa kiran salla.

Hajiyar Rafindadi: Kuna ta ƙera sabuwa ga tsohuwa a bakinku. Soja ya faɗa da kansa, sakin igiya a hankali. Sassauto da tuta. Wasalin "o" na ƙarshe ya nuna ta yo ƙasa, sassautawa kuma ta nuna ba a cire ta ba. Na sha jin ta a labarai, ba wanda ya tambaye ni ma'anarta.

Tsohon Soja: Hajiya ta gama magana. Abin da hannu ke yi ke nan.

Malamar Firamare: Sai dai kunnena na jin sassauta farashi ko sassauta dokar hana fita.

Hajiyar Rafindadi: A karon farko ya ce "sassauto da tuta ƙasa-ƙasa don nuna alhini", daga nan "sassauto da tuta" ta wadatar.

Baban Kusugu: Wannan jimla ce, ba suna ba. Idan za ka ce tutar tana a wannan halin fa?

Hajiyar Rafindadi: Tana sassauce.

Baban Kusugu: Wando ma yana sassauce. Ku yi ta, ba zan hana ba, amma a littafina takaba ce.

Mai Fassara: Na ɗauki ta Hajiya don na yau. "Tana sassauce" kam ba zan faɗa ba, Baba ya riga ya ɓata mini ita, zan ce "an sassauto da ita". Wanda ya samo suna guda ya ajiye a nan, akwai maimaici ranar Asabar. Na shiga studiyo.