Hanyar hajjin ƙasa: gado ce ko ibada kawai?

Zauren 'Yan Adar mazauna Yamai

Isufu: Salamu alaikum. Maganar jiya a fada ban gama ba. Hanyar da kakanninmu suka bi zuwa Makka da ƙafa, daga Tawa a bi Damagaram, Barno, Abeshe, Fashir, har Sawakin a hau jirgin ruwa zuwa Jidda, gado ce. A rubuta zangunanta, baƙi su zo su gani. Agadas ta shiga jerin wuraren gadon duniya na hukumar UNESCO a 2013, mi ya hana wannan?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Hajji ibada ce, Isufu. Ranar da nasara ya zo da kyamara yana ɗaukar inda tsoho ya yi taimama, an mai da ibada abin kallo.

Hajiya Rabi: Allah gafarta Malam, bari in sa baki. Kakana da jaki ɗaya ya tafi, shekara bakwai ya yi, har gida an fid da rai. Guzuri ya ƙare mishi a Sudan, ya tsaya tsinkar auduga a Jazira har ya tara kuɗin jirgi. Ƙanenshi bai dawo ba. Zuriyarshi na Maiwurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har yau Hausa suke yi. Jikokina kuwa sun ɗauka daga filin jirgin Diori Hamani aka fara hajji.

Malam Habu: Ban musa ba, Hajiya. A koyar da tarihin hanyar a lakkol. Yawon buɗe idon ne ban yarda ba.

Sani direba: Ku dakata, wace hanya? Sudan ana yaƙi tun Afrilun 2023. Bakin tafkin Cadi kun san halin da ake ciki. Wane baƙo zai zo? Ni ko kyauta ba ni kai shi.

Isufu: Yaya Sani, ban ce gobe ba. Malam, Saudiyya da kanta tana adana Darb Zubaida, tsohuwar hanyar alhazan Iraƙi daga Kufa. Su ma kallo suka mai da ibadar?

Malam Habu: Aikin gwamnati ba aya ba ne.

Hajiya Rabi: Ku yi ta yi. Gwaggona na Tawa, sunayen zangon da babanta ya lissafa mata duk suna kanta, amma ta fara ruɗewa. Isufu, in da gaske kake, Asabar zan tafi, ka zo da wayarka ka naɗa.

Isufu: Ina nan tashar mota da asuba, Hajiya.

Malam Habu: In an naɗa a turo mini in ji. Amma ban da nasara.