In shuka bini-da-zugu don mai ko in haƙura in sa sola?

Tela Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon ɗinki a Agege a Legas, tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur ɗin janareto ke cinye min riba. Wani abokina ya ce in bar noman gero a gonarmu ta gida in zuba bini-da-zugu, wai ana matse 'ya'yansa a yi dizal kuma kamfanoni za su riƙa bi suna saye. Dan Allah akwai ƙamshin gaskiya?

Baban Iklima:
Wa alaikumus salam. Man kam ana yi, amma kar ka taɓa geronka. Wajen 2007 an yi ta zuzuta shi a Indiya da ƙasashen Afirka wai yana fitowa ko a faƙo, eh yana fitowa ɗin amma ba ya 'ya'yan kirki sai da ruwa da ƙasa mai kyau, to ƙasa mai kyau ai ta abinci ce, haka manyan gonaki suka yi ta watsewa. Ga shi guba ne, in mai saye bai zo ba ko akuya ba ta ci, gero kuwa ko ba kasuwa ka sha kunu. Bar shi a shinge inda muka gan shi.

Ɗan Mile 12:
To Burazil fa malam? Ba da rake suke tuƙa mota ba?

Baban Iklima:
Haka ne, amma su tun 1975 gwamnati ta ɗaure wa abin gindi, ga ruwa ga fili, har tuƙar raken suke ƙonawa su samu lantarki. Mu sukarin shayi ma yawanci shigo da shi ake. A 2007 an fito da tsarin gauraya fetur da itanol, wato man da ake yi da rake ko rogo, kashi 10 cikin ɗari a Najeriya, wa ya gani a gidan mai? Rogo mun fi kowa nomawa a duniya, amma a fara juye shi a tanki ka ga inda kuɗin garin kwaki zai kai. Ni a ganina da ma kashin shanun abbatuwar Oko-Oba da ruɓaɓɓen tumatir ɗinku na kasuwar Mile 12 aka tara aka yi gas, su ba a bakin kowa aka ƙwace ba.

Maman Sadik:
Yayana ai janaretonka ma fetur yake sha ba dizal ba. Sa sola kawai, keke da fanka da ƙwan lantarki ba sa cin wuta sosai, dutsen guga ne ke kashe batir, shi ka koma na gawayi. Sai dai ka ƙara fanel ko ɗaya saboda hadarin Yuni da Yuli, kuma kar ka sayi batir ɗan gwanjo.