Tsattsewa a Ingila cikin Janairu: ta yaya zan tabbatar?

Assalamu alaikum. Masu kallon tsuntsaye, a taimaka min, kwana biyar ke nan abin nan ya hana ni sakat.

A fadamar bakin teku ta Hayle da ke Konwal, kudu maso yammacin Ingila, nake ganin wata tsuntsuwa tana shawagi ƙasa-ƙasa a kan laka idan ruwa ya janye, tana cafkar ƙwari. Tashinta sak na tsattsewa. Amma tsattsewar nan ƙasar tun Satumba ko Oktoba take ƙaura zuwa Afirka, sai wajen Afrilu ta dawo, ga shi yanzu tsakiyar Janairu ne.

Abin da na gani da madubin hangen nesa: baya baƙi mai ƙyalli, ciki fari-fari, bindi a rabe biyu amma gajere. Maƙogwaron bai yi ja sosai irin na babbar tsattsewa ba, kamar ya koɗe, wataƙila matashiya ce. Wannan ne ya rikita ni, domin akwai wata irin tsuntsuwa 'yar uwar tsattsewa mai farin tabo a saman bindi, kuma ban samu ganin saman bindin da kyau ba.

Na ɗora waya a bakin madubin na ɗauki hoto ya fi 40, duk dishi-dishi. Bidiyo ma haka, hasken ya yi kaɗan, kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi. Ba na son in kai rahoton abin da ban tabbatar ba.

Wace alama ɗaya zan kafa wa ido gobe, wadda za ta raba matashiyar tsattsewa da 'yar uwar tata tana cikin tashi? Na gode.